Akwatin Mutum Ɗaya da Akushin Jama'a

Yau zan ba ku labarin wani abinci da na ci a Ikko, wanda cikina ya daɗe da mantawa da shi, amma zuciyata har yanzu ba ta gama narkar da shi ba.

Bara, bayan Babbar Salla, wata lalura ta kai ni Ikko, na sauka wajen wani tsohon ɗalibina wanda na koya wa Larabci tun bai iya rarrabe fa'ili da maf'uli ba. Yanzu Allah Ya buɗa masa, yana aiki da wani kamfani na masu shigo da kaya ta teku. Ana gobe zan komo gida, sai ya ce mini, "Allah gafarta Malam, yau kam ba tuwo. Zan kai ka ka ci abin da ba ka taɓa ci ba." Na ce, "To, ɗana, in dai halal ne, ai baƙo ba ya zaɓe." Da azahar ta yi muka yi salla, ya ɗauke ni cikin motarsa har wani gidan abinci na Japanawa a unguwar Victoria Island, wuri mai sanyi, shiru kamar ɗakin karatu, kowa yana magana ƙasa-ƙasa.

Abin da aka ajiye a gabana akwati ne baƙi mai sheƙi, mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai na allon ɗan makaranta ba. Da na ɗaga murfin sai na ga an raba cikinsa gida huɗu. Ɗaya da farar shinkafa an dunƙule ta an tsara, ɗaya da yankan kifi gasasshe, ɗaya da ɗanyen kifi yanka uku sirara, na huɗun da jatan lande da kayan lambu da aka tsoma cikin ƙulli aka soya. A gefe ga ɗan kofin romo da 'yan sanduna biyu na ci, waɗanda na duba na ce a taimake ni da cokali, don tsufa ya riga ya hana ni sabon karatu irin wannan. Sunan wannan akwati a harshensu bento. Kowa da nasa: ɗalibina da nasa, ni da nawa.

Kafin in sa hannu na yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Kifi dai ba shi da wata matsala, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ɗanye ko dafaffe. Inda ake taka-tsantsan shi ne miya, saboda Japanawa suna yawan zuba giyar shinkafa da suke kira sake cikin girkinsu, da wata mai zaƙi da suke kira mirin, kana kuma suna cin naman alade. Na sa aka tambayi mai girkin, ya faɗi gaskiya, aka ɗauke mini wata miya aka bar sauran. Duk wanda Allah Ya kai irin wannan wuri ya yi haka, kada kunya ta hana shi. Wannan mas'ala ce mai sauƙi, ba kuwa ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abincin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da aka kawo takardar kuɗi, ko da yake ɗalibina ya yi sauri ya rufe ta da hannu, idona ya riga ya faɗa a kai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na yi lissafi a raina na ga kuɗin akwatina shi kaɗai zai sayi shinkafar da gidana zai ci mako guda har da ragowa. Muna fitowa, shi da kansa ya ga fuskata ta sauya, ya ce, "Malam, ko na yi laifi ne?" Na ce masa a'a. Na kuwa faɗi haka da gaske, sai dai amsar ba ta cika ba, kuma cikonta nake so in kawo a wannan fili.

Cin abinci mai tsada ba haramun ba ne ga wanda ya samu kuɗinsa ta hanyar halal, ya fitar da zakka, bai tauye iyalinsa ba. Suratul A'arafi, wadda a cikinta aka hana mu ɓarna wajen ci da sha, a cikinta ne kuma aka yi inkari ga mai haramta kayan ƙawa da daɗaɗan abinci da Allah Ya fitar wa bayinsa. Imamu Gazali ya kawo labarin wani mai gudun duniya da ya rubuta wa Imamu Malik takarda yana yi masa gargaɗi a kan sa tufafi masu laushi da cin gurasa mai laushi. Malik ya karɓi nasihar hannu biyu, ya amsa cewa lalle yana yin haka, ya yarda barin abin ya fi shiga cikinsa, amma bai ce haramun ba ne. To, in limamin Madina bai haramta ba, ina ni malamin Larabci na ƙauye? Malaman lugga kuma sun bambance mana kalmomi biyu da mu Hausawa muke haɗawa mu kira almubazzaranci. Israfi shi ne wuce iyaka a inda ya dace a kashe, tabziri kuwa kashewa a inda bai dace ba sam. Iyakar nan kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Abin da zai zama israfi gare ni, mai jiran albashin ƙarshen wata, mai yiwuwa ne ga ɗalibina bai wuce karrama malaminsa ba, kuma karrama baƙo ibada ce.

Da na dawo gida na bi tarihin wannan akwati, sai na tarar asalinsa ba na masu kuɗi ba ne. Guzuri ne. Manoma da matafiya da mayaƙan Japan na dā suna ɗaure busasshiyar dafaffiyar shinkafa ko curinta su tafi da ita, kamar yadda namu suke tafiya da fura da dakuwa da ƙuli-ƙuli. A zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, mutanen birni suka fara shirya shi da ƙawa suna ci a gidajen wasan kwaikwayo idan an sauke labule ana hutu. Da jirgin ƙasa ya zo ƙasarsu, aka shiga sayar da shi a tashoshi, har yau kuwa ana yi. A shekarun yaƙi, kafin 1945, an yi yayin wani iri wanda ba kome cikinsa sai farar shinkafa da ɗan itace guda ja mai tsami a tsakiya, kamar tutar ƙasarsu, alamar tsimi da haƙuri. Irin wanda na ci kuwa, mai gida huɗu, ana kiransa da sunan wani malamin addinin Buda mai zane da rubutu, Shokado Shojo, wanda ya zauna a Yawata kusa da Kyoto ya rasu a 1639. Shi wannan malami ya ga akwatin da manoma ke rarraba iri a ciki, ya ɗauki samfurinsa yana ajiye kayan zanensa. Sai a cikin shekarun 1930 wani gwanin girki na Osaka mai suna Yuki Teiichi ya mai da wannan akwati kwanon abinci na manyan baƙi. Watau abin da na biya, ko in ce aka biya mini, kuɗin shinkafar mako guda a kansa, jikan akwatin irin manomi ne.

Akwai abin yabo a cikinsa, kuma zalunci ne in ƙi faɗa. An auna shi daidai cikin mutum. Na cinye tas, ban bar ko ƙwaya ba, na tashi ban ji yunwa ba, ban kuma ji nauyin nan da ke sa mutum hamma a sallar la'asar ba. Nan take na tuna da koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, koyarwar da muke karantar da yara da safe mu saɓa mata da dare. Japanawa suna girmama ƙwayar shinkafa ƙwarai. Harafin da suke rubuta sunanta da shi, in an warware shi, yana ba da lamba 88, don haka suke gaya wa 'ya'yansu wai aiki 88 manomi ke yi kafin ƙwaya ɗaya ta iso kwano. Ni dai ban ƙirga ba, amma ɗan ƙasar Wurno ba ya bukatar a ƙirga masa. Mun san renon iri, mun san dashe cikin taɓo har gwiwa, da ban ruwa, da cirar ciyawa, da tsayuwar yaro tun asuba yana ihu yana korar jan-baki, da yanka, da bugu, da shiƙa, sa'an nan mata su karɓa su turara su shanya a kai surfe. Mun kuma ga yadda duk wannan wahala take tafiya cikin dare ɗaya, kamar ambaliyar 2010 da ta shafe gonaki a Goronyo da Wurno. Suna da wata kalma, mottainai, da suke faɗi idan sun ga an ɓata abin da ke da sauran amfani, kuma a 2019 har doka suka kafa ta rage zubar da abinci. Mu da aka umurce mu da mu ɗauki lomar da ta faɗi mu share ta mu ci, mu suɗe kwano domin ba mu san inda albarkar take ba, a je bayan ɗakin taro a Sakkwato ran da aka yi walimar wani babba, a ga abin da ake kwashewa a zubar. A wannan fuska kam sun fi mu riƙo da abin da yake namu ne.

To, me ya dame ni? Wani ɗan abu ne da ya faru muna tsakiyar ci. Wani abokin aikin ɗalibina, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya shigo ya hango mu, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ban yi wani tunani ba, bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro, na ce, "Bisimilla," na tura akwatin gabansa. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, na gode." Ai kuwa dole ya gode. Ina zai sa hannu? Kifi yanka uku ne, an ƙidaya su. Jatan lande biyu ne. In ya ɗauki ɗaya, tsarin duka ya rushe, kuma kowa a ɗakin zai ga ya rushe. A karo na farko a rayuwata na yi tayin abinci alhali na san ba na nufin a karɓa, shi ma wanda na yi wa ya san haka. Na yi ƙarya da sunan Allah a bakina, ba don ina da rowa ba, sai don kwanon da ke gabana an ƙera shi ne ba tare da an yi tunanin wani zai iya shigowa ba.

A nan Marnona, lokacin da muke yara, da an sallame magariba sai magidantan unguwa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu, yara su yi ta fitowa da akusa a rufe da faifai, kowane gida da nasa. Wannan ita ce ciyayya. A buɗe akushi ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na biyu. Wani tuwon shinkafa, wani na dawa, wani miyarsa da nama, wani kuka ce tsura da daddawa. Ba a tambayar na gidan wa aka buɗe. In matafiyi ya biyo, daga Rabah zai tafi Goronyo dare ya yi masa, ba ya bukatar ya san kowa. Sallama kawai zai yi, a matsa masa, a miƙo masa ruwan wanke hannu. Sai da na girma na gane babban sirrin abin. A shekarar farin 1984 akwai gidajen da sai su kwana biyu ba a hura wuta ba, mai gidan kuwa yana fitowa ya zauna a tabarma kamar kullum, ya ci ya ƙoshi, a kuma san dabarar da za a yi wani akushin ya koma cikin gidansa da sunan suɗin yara. Bai roƙa ba, ba a ba shi sadaka ba, ba wanda ya ga hannunsa a ƙasa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan sa a ƙara mudu a irin waɗannan kwanaki, in mahaifiyarmu ta yi magana ya ce baƙi yake tsammani. Mu yara muna ta jiran baƙin da ba su taɓa zuwa ba.

Akushi ba shi da katanga a ciki, don haka ba ya nuna rabon kowa. Wanda ya ci loma goma da wanda ya ci talatin duk tashi suke yi tare su yi hamdala. In mutum biyar ne suka zauna na shida ya zo, kowa ya rage kaɗan ba tare da ya sani ba, kuma wannan shi ne abin da hadisi ya nuna mana, cewa abincin mutane kaɗan yana isar waɗanda suka ninka su. Akwati kuwa adalcinsa a fili yake, kowa ga nasa, ba mai cin na wani, amma adalci ne tsakanin waɗanda aka riga aka ƙidaya. Wanda bai shiga lissafi ba, ba shi da gurbi. Hausawa sun ce ci naka in ci nawa ba rowa ba ce, mugun zama ne.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa cin mutum shi kaɗai zunubi ne. Aya ta 61 cikin Suratun Nur ta ɗauke laifi daga masu ci a tare da masu ci a rarrabe. Kada kuma ya zaci na manta da aibin akushi, domin ni ma na ci suɗi. Na san yadda mai babban hannu ke tauye mai kunya, yadda nama ke gangarawa gaban mai gida, yadda mata da suka yini a bakin murhu suke ci daga ƙarshe, wani lokaci ƙanzo kawai. Na san kuma abin da hannun da ba a wanke da sabulu ba yake jawowa a shekarar amai da gudawa, kamar wadda muka gani a 2021. Duk wanda ya ce zaman dā alheri ne zalla, to, a gefen nama yake zaune.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci wannan fili shi ne, akwatin nan ya riga ya iso garuruwanmu, ko da yake ba daga Japan ya zo ba, kuma ba baƙi mai sheƙi ba ne. Shi ne robar nan da ake kira tekawe. Yau in za a yi ɗaurin aure ko suna ko saukar karatu, ba a cewa tukunya nawa za a ɗora, sai a ce roba nawa za a yi. A ƙidaya manyan baƙi, a yi musu masu kaza, a ƙidaya na bayansu a yi musu masu yanka ɗaya, a ƙulla cikin leda, a sa wani ƙaƙƙarfan saurayi ya tsare ƙofar ɗakin da aka tara su. Ana shafa fatiha kowa ya karɓi tasa ya shiga mota. Ba a zauna ba, ba a haɗa hannu ba, wanda ya zo daga nesa bai san wanda ya zauna kusa da shi ba. Wani babban ya tafi da uku, ya bar su a bayan mota har su lalace. Almajirai da tsofaffin mata kuwa suna tsaye daga nesa suna kallon ledoji suna wucewa. Mun ɗauko katangar akwatin Japanawa mun baro awonsa da tsiminsa, mun kuma yar da faɗin akushinmu. An gargaɗe mu tun tuni game da walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, ga shi mun samo hanyar yin ta ba tare da mun kori kowa da baki ba. Roba ce ke korar mana.

Waɗanda ba sa shiga lissafi kuwa sun yi yawa a wannan yanki. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin 2018, wanda ya tara jama'a a Gandi suna gudun hijira, da kisan da aka yi a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, ƙauyuka da dama sun watse. Mutanen da a dā su ne ke kawo gero da dawa kasuwa, yau wasunsu suna raɓe a garuruwan da ba nasu ba. Ga madatsar ruwan Goronyo da aka gama tun 1984, ga fadama, amma gonar da ba a iya zuwa ba ta ciyar da kowa. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, mudu ya ƙara nisa da hannun talaka. Irin waɗannan mutane, musamman dattawan cikinsu, da yawa ba za su taɓa buɗe baki su yi bara ba. Tabarmar ciyayya ce kaɗai wurin da mutum irin wannan zai ci abinci da rawaninsa a kansa. A nan ne halin zamani yake shiga cikin hukunci. A shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar da aka yi wa laƙabi da ta toka saboda tsananin fari, Sayyidina Umar ya hana kansa man shanu da nama har jama'a su farfaɗo. Man shanu bai zama haramun a shekarar ba. Umar ne ya ga bai dace shugaba ya ji daɗin abin da talakawansa suka rasa ba. Halal yana nan halal, amma mumini yakan dubi abin da ke bayan taga kafin ya kai loma.

Wani zai ce, Malam, ai roba ita ce ta hana rikici. Gaskiya ne, kuma na gani da idona. A wuraren rabon abincin buɗa-baki da ake buɗewa a Sakkwato cikin azumi, in ba a auna an ƙulla ba, mai ƙarfi ne zai kwashe, gurgu da makaho da mai goyo su koma hannu wofi. Inda jama'a suka yi yawa kuma ba su san juna ba, awo rahama ne. Ashe ke nan tambayar ita ce yaushe ake awon, kafin a tara ko bayan an tara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari har ya danganta kansa da su, saboda wata al'ada tasu: idan guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya ragu a Madina, sai kowa ya kawo abin da ya rage masa a zube cikin mayafi ɗaya, sa'an nan a raba daidai da mudu ɗaya. A lura da jerin. Tarawa ce farko, awo ya biyo baya. Wanda ya kawo tafi ɗaya da wanda ya kawo goma, da zarar an zube, ba mai iya nuna nasa.

Abin mamaki, su Japanawan ma sun gano haka a wajen 'ya'yansu. Akwatin da yaro ke zuwa da shi makaranta daga gida yana tona asirin gidan, ɗan mai hali ya buɗe nasa kowa ya gani, ɗan talaka ya kare nasa da murfi, wani ma ba shi da abin buɗewa. A 1889, a garin Tsuruoka, wata makaranta da ke cikin wurin ibadar 'yan Buda ta fara dafa wa yara matalauta abincin rana, curin shinkafa da kifi da ɗan kayan tsami. Bayan yunwar da ta biyo Yaƙin Duniya na Biyu, a 1954, suka kafa dokar ciyar da 'yan makaranta. Har yau a mafi yawan makarantunsu na firamare tukunya ɗaya ake kawowa aji, yaran da kansu suke zuba wa juna daidai wa daida, malami ya zauna ya ci abin da suka ci. Mutanen da suka fi kowa gwanintar akwati, da suka zo kan abin da ya shafi mutuncin yaro, tukunya suka koma.

Duk wannan na rubuta wa ɗalibina a takarda, na ce masa bai yi laifi ba, Allah Ya saka masa da alheri, in na sake zuwa ma ya kai ni in ya ga dama, amma ina so in san ko a gidansa na Ikko akwai kwanon da ba a rubuta sunan kowa a kansa ba. Ya amsa mini da cewa, "Allah gafarta Malam, a benen da nake zaune ban san sunan maƙwabcina ba, kuma mai gadi ba ya barin kowa ya hau sai an kira ni." Ban ga abin da zan ce masa ba, domin ba shi ya gina benen ba.

Ni kaina da nake wannan dogon bayani, jarrabawar ta zo mini har gida. Watanni uku da suka wuce na aurar da 'yata. Na ce a dafa a zuba a manyan faranti a shimfiɗa tabarmi kamar dā. Uwargida ta ce, "Malam, kai za ka zauna a zaure ana gaishe ka, mu ne za mu sha kunya in dangin ango suka zo aka ce ya ƙare." 'Ya'yana maza suka goyi bayanta, suka ce zamani ya wuce wannan, kuma ba su yi ƙarya ba game da kunyar. Muka yi kwana biyu muna ja. Daga ƙarshe aka yi roba ɗari biyu saboda baƙin nesa da dangin ango, ni kuma na sayar da tunkiya na sa aka ɗora wata babbar tukunya daban, na ce wannan ba a ƙidaya ta, a zuba a faranti a kai ƙofar gida, duk wanda ya yi sallama a matsa masa.

Kafin azahar tukunyar ta ƙare. Robobi kuwa har la'asar akwai saura goma sha ɗaya a ɗaki, an ajiye wa waɗansu manya da suka ce suna tafe. Wajen ƙarfe biyar ina zaure sai ga wata dattijuwa da jikoki biyu, daga ganin shigarta da jin harshenta daga ƙauyukan gabas aka koro su. Ta yi sallama daga nesa, ta yi wa amarya addu'a, ba ta roƙi kome ba. Na aika ciki a kawo roba uku. Yaron ya dawo ya ce an ce na baƙi ne, mai makullin ɗakin kuma ya tafi raka dangin ango tasha. Aka kankaro mata ƙanzon tukunya a kwano, aka zuba ɗan mai. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, suka zauna a gindin darbejiya suka ci su uku. Manyan da aka ajiye wa robobin ba su zo ba, da safe aka tarar shida sun yi tsami.